Tarihin Ibrahim Narambaɗa na Tubali, Makaɗin Sarkin Gobir na Isa

Malaman makaranta da ma'aikatan ofis da yawa sun saba shirya wasan kwaikwayo, musamman in an zo ƙarshen zangon karatu ko ranar ba da kyauta, har a kan tara makarantu uku ko huɗu, ko wace ta kawo ɗan gajeren wasanta a gwada a ga wadda ta fi. Mu ma mun sha zama a irin wannan taro, wani lokaci a kan benci cikin 'yan kallo, wani lokaci a bayan labule muna tuna wa yara abin da za su faɗa. Abin da muka lura da shi shi ne, mai tsara wasa ya kan ƙare wahalarsa duka a kan takarda. Ran da aka zo yin wasan kuwa idonsa na kan yaransa kada su yi mantuwa, ba ya ko waiwayar jama'ar da aka tara, balle ya ga inda suka yi dariya da inda suka fara hamma. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu tarihin wani mutum wanda bai taɓa rubuta wasa ba, amma ya shekara da shekaru yana tsayawa gaban taro a ƙofar fadar Isa, yana juya zukatan mutane yadda ya ga dama. Shi ne marigayi Ibrahim Narambaɗa.

Kafin mu shiga labarinsa sai mun ɗan faɗi yadda ƙasar ta ke, don wanda bai san gabashin Sakkwato ba, ba zai gane nauyin aikin makaɗin fada a can ba. Isa da Sabon Birni suna cikin tsohuwar ƙasar Gobir, wajen da gulbin Bunsuru da na Gagare su ke gangarowa su shiga gulbin Rima. Can kusa da Sabon Birni kufan Alƙalawa ya ke, birnin da Bawa Jangwarzo ya yi mulki a cikinsa, wanda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin. Gobirawa ba su sallama ba. Aka yi ta gwabzawa har 1836, sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rinjaye su a Gawakuke, waɗanda suka tsira suka je suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani ɗan sarkinsu, Ɗan Halima, ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya komo ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta zama mazaunin zuriyar Muhammadu Bello, masu tsaron wannan gefe. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, suka zauna da Faransa aka ja iyaka, sai Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Isa da Sabon Birni suka zauna ƙarƙashin En'en Sakkwato.

Wannan tarihi shi ya sa sarautar Sarkin Gobir ta rabu gida-gida. Akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, akwai a Sabon Birni, akwai a Isa, akwai kuma a Gwadabawa, har ya zama in magatakarda zai aika da takarda tilas ya ƙara sunan garin, in ba haka ba masinja ya kai ta inda ba a nufa ba. Na Sabon Birni Bagobiri ne gaba da baya, na Isa kuwa jinin Shehu ne. Talakawan da ke tsakaninsu akwai Gobirawa da Zamfarawa da Fulani da Adarawa, kowa da irin labarin da kakansa ya ba shi game da yaƙe-yaƙen da aka yi. Wanda zai tsaya gaban irin wannan taro ya yabi sarki, to, lalle ya san kalmar da zai ɗauka da wadda zai tsallake.

An haifi Ibrahim a garin Tubali wajen ƙarshen ƙarni na 19. A lokacin Tubali tana cikin ƙasar Isa, amma tun da aka yanke Jihar Zamfara a 1996 ta koma yankin Shinkafi. Sunan mahaifinsa Maidangwale, mahaifiyarsa kuwa Riba, mutuniyar Badarawa. Mahaifinsa ba makaɗi ba ne. Ta wajen uwa kiɗa ya biyo shi, don danginta su ke da kotso. Laƙabin nan da ya danne sunansa na yanka kuwa, tsofaffi sun ce ya samo shi ne daga wata karya da ya ke da ita yana saurayi, mai suna Rambaɗa, aka riƙa ce masa Na-Rambaɗa har ya bi shi kabari. Ikon Allah, sunan da aka fara kiransa da shi don ba'a, yau shi a ke rubutawa a bangon littattafai a jami'a.

A ƙuruciyarsa ya yi kokawa, kamar sauran samarin ƙasar. Kada a raina wannan. Fagen kokawa shi ne wuri na farko da yaron ƙauye ke koyon tsayawa a tsakiyar da'irar mutane, ido ɗari a kansa, ya yi kirari da bakinsa, ya ji yadda ihun jama'a ke ɗaga mutum ko ya karya masa guiwa. Daga nan ya shiga waƙoƙin noma. Wanda ya taɓa halartar gayya ya san yadda abin ya ke. Manoma suna jere a kunya, makaɗi na bin su a baya, ya kira wannan da sunan ubansa da kakansa, ya ambaci damin da ya ɗaure bara, sai ka ga mutum ya sunkuya ya tsere wa na kusa da shi. Ya juya kan malalacin da ke baya ya sakar masa magana mai ƙaiƙayi, 'yan mata masu kawo fura su fashe da dariya. A irin wannan makaranta ba a jiran sakamakon jarrabawa. In waƙarka ta yi kyau za ka gani nan take a bakin garma, in ba ta yi ba kuma za ka gani. Muna ganin a nan Narambaɗa ya koyi abin da ya riƙe shi har tsufansa, watau auna ko wace kalma da fuskar mai jinta.

Da sunansa ya fara fita sai ya bar bin manoma ya koma kiɗan sarauta, ya rataya kotson kakanninsa. Kotso ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai fata a baki ɗaya, ɗayan bakin a buɗe, ana rataya shi a kafaɗa a kaɗa da yatsu, a matse tsarkiyarsa in ana son muryarsa ta hau. A ƙasar Sakkwato kiɗan 'ya'yan sarakuna ne, ba a yi wa kowa. Ubangidan da Allah ya haɗa shi da shi, wanda sunayensu suka zama kamar ɗan juma da ɗan jummai, shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya hau sarauta a 1935, zamanin Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu. Mafi yawan manyan waƙoƙin da a ke tunawa da Narambaɗa da su, Amadu ya yi wa su.

Ma'aikatan En'e na wancan zamani sun fi kowa sanin irin kujerar da hakimi ke zaune a kai. Shi ke tara haraji da jangali, shi ke amsa tambayar Di'o in ya zo rangadi, albashinsa daga baitulmali ya ke fitowa, kuma wanda ya naɗa shi yana iya tuɓe shi ko ya ɗauke shi ya kai wata ƙasa. A gefe guda ga 'yan'uwansa 'ya'yan sarki, ko wane yana ganin shi ya fi cancanta, ko wane yana da masu kai masa magana Sakkwato. Ba a yaƙi da takobi kuma tun zuwan Turawa, sai yaƙin ya koma na baki da na suna. Abin da jama'a suka ɗauka game da hakimi, ko mai kwarjini ne ko rago, ko mai kyauta ne ko marowaci, shi ke yawo kasuwa-kasuwa har ya kai kunnen manya. Saboda haka makaɗin fada ba abin ado ba ne kawai. Abin da ya faɗa ran Salla a Isa, kafin mako ya zagayo an ji shi a kasuwar Shinkafi, fatake sun ɗauka sun wuce da shi Maraɗi da Ƙaura Namoda.

To, bari mu duba yadda a ke shirya wannan aiki, don nan ne ya yi kama da na mai tsara wasa. Makaɗin fada ba shi kaɗai ya ke fita ba. Yana da 'yan amshi, waɗanda mutanen Sakkwato ke kira 'yan karɓi, su ne kuma ke riƙe da kotsuna. Yana da sanƙira, mai ɗaga murya ya fassara wa taro abin da aka faɗa, ya kuma shelanta kyautar da aka bayar da sunan mai bayarwa. In za a yi sabuwar waƙa, jagora shi ke fara samo gindinta, watau ɗan taƙaitaccen jawabin da za a riƙa komawa gare shi, ya ba yaransa su yi ta maimaitawa har ya zauna da kiɗan. Sa'an nan ya riƙa ɗora 'ya'yan waƙar ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan shi zai fara su ƙarasa, wani su tarbe shi tun bai kai ƙarshe ba, wani su raka shi su faɗa tare, wani kuwa a yi ta miƙa wa juna kamar masu zance. Ba takarda, ba allo. Littafin duk yana cikin kawunan mutanen nan, kuma in ɗaya ya yi kuskure gaban sarki ba wanda zai leƙo daga bayan labule ya tuna masa. Wanda ya saurari faifan Narambaɗa da kunnen basira zai ji yadda yaransa ke cafe magana daga bakinsa ba tare da ko ɗan tsaiko ba. Wannan ba ya samuwa sai da gwaji mai yawa. Malamin da ya ba yara takarda ran Laraba ya ce a yi wasa ran Asabar, ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Lokutan fita kuwa sanannu ne: daren Juma'a, da Salla ƙarama da babba, da ranar naɗin sarauta, da bikin gidan sarki, da sa'ad da sarki ya komo daga tafiya ko ya yi babban baƙo. Ƙofar fada ita ce dandalin. Sarki na zaune, fadawa sun yi sahu ko wane a mazauninsa gwargwadon girmansa, 'ya'yan sarki na gefe, dogarai na tsare da hanya, talakawa sun yi zobe a baya, yara sun hau katanga, matan gida kuma suna saurare daga ciki. Ba a sayar da tikiti, ba a kashe fitila. Abin da ya raba wannan dandali da na makaranta shi ne, mutanen da a ke wasan a kansu suna zaune a wurin da kansu. Jarumin labarin ga shi kan shimfiɗa da rawani. Abokin gabansa ma ga shi can, bai fi taku goma ba.

A nan gwanintar Narambaɗa ta fi fitowa. Ubangidansa ya kan siffanta shi da manyan abubuwa, giwa, zaki, gulbin da ya cika, dutsen da ba ya ɗaukuwa, ya jero masa kakanni har ya kai ga Bello da Shehu, don kowa ya ji sarautar ba tsintuwa ba ce. In ya juya kan masu hamayya kuwa ba ya kama suna. Sai ya zana mutum da kalmomi kaɗan, irin tafiyarsa, ko yadda ya ke naɗa rawani, ko rowarsa, ko daɗewar da ya yi yana jiran sarautar da ba ta zo ba, ko ya ba shi kamannin wata 'yar dabba mai ban dariya. Kowa a wurin ya san wanda a ke nufi, amma ba mai iya tashi ya ce da ni a ke, don in ya tashi ya amsa sunan ke nan. Sai ya zauna ya haɗiye, ya yi kamar bai ji ba, jama'a kuwa suna satar kallonsa ta wutsiyar ido. Wani ma ya kan aika da babbar kyauta, ba don jin daɗi ba, sai don a sassauta masa a karo na gaba. Masu rubuta wasa suna ɓata shafi biyu uku kafin mai kallo ya gane halin mutum guda. Narambaɗa da numfashi ɗaya ya ke gamawa.

Ba mu ce duk abin da ke cikin wannan al'ada abin yabo ba ne. Zambo makami ne wanda ba a ba wanda aka sara damar ramawa, kuma sau da yawa ya kan taɓa halittar mutum, abin da ba shi ya yi wa kansa ba. Akwai 'ya'yan sarki da ba su yi laifin kome ba sai dai an haife su a gidan da a ke takara, suka rayu da tabon maganar makaɗi. Malaman addini sun daɗe suna sukar roƙo, 'yan boko na shekarun 1950 su ma suka ɗora nasu, suna cewa maroƙa na tatse mutane, har wasu En'e-En'e suka kafa dokar taƙaita shi. Akwai gaskiya a cikin wannan suka. Amma wanda ya haɗa Narambaɗa da maroƙin da ke tare mutane a bakin kasuwa bai yi adalci ba, don shi bai tsaya ga yabo da zambo kaɗai ba.

A tsakiyar yabon sarki sai ka ji ya kauce ya shiga zancen duniya, yadda ta ke juyawa, yadda mai ƙarfi ke tsufa, yadda haƙuri ke kai mutum inda gaggawa ba ta kai shi. Ya kan ɗauki gaskiya da ƙarya ya mai da su kamar mutane biyu masu rai, ya fuskanci ɗaya ya yi mata magana. Ya kan kawo muhawara a cikin waƙa, ya faɗi abin da wani ya ce da abin da shi ya mayar masa, yaransa su ɗauki baki ɗaya shi ya ɗauki ɗaya. Ya kan sa kansa cikin labarin, wani lokaci yana taƙama, wani lokaci yana yi wa kansa ba'a. Ko dabba bai bari ba. Waƙar da ya yi wa wani doki, wadda a ke kira Dokin Iska, in ana jinta sai mutum ya ga kamar a gabansa a ke sukuwar, ga ƙura ta tashi, ga sauran dawaki an bar su a baya. In aka tara waɗannan abubuwa, watau jarumi da abokin gaba, da muhawara, da ban dariya, da darasi, da masu amsawa, me ya rage wa wasan kwaikwayo in ba labule ba?

Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi, waƙar fada ba ta daskarewa. Gindinta na nan yadda ya ke, amma 'ya'yanta suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wurin da a ke da waɗanda suka halarta. In wani baƙo mai daraja ya shigo ana cikin kiɗa, za a sama masa wuri. In wani ya yi kyautar doki ko riga, sanƙira ya shelanta, jagora ya saka shi nan take. In wani abu ya faru a gari tsakanin wannan Salla da waccan, za a ji shi. Ɗan da aka ga bai motsa kowa ba a kan yar da shi, wanda aka ga ya tada taro a maimaita shi har sau biyu sau uku. Watau jama'ar Isa su ma suna da hannu a cikin waƙoƙin nan, don su ne suka tace su shekara da shekaru da dariyarsu da shirunsu. Ga abin da muka ce mai tsara wasa na makaranta ya kan rasa. Shi in ya rubuta ya gama, ko an yi wasan sau biyar ba ya sake ko kalma ɗaya.

Kada kuma a ɗauka Narambaɗa ya tashi ne a ƙasar da ba ta san kwaikwayo ba. Hausawa suna da wasan gauta, inda matan fada ke shiga tufafin sarki da fadawansa su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu, masu abin na kallo. Suna da kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa sarakunansu da alƙalansu. Suna da tashe cikin watan azumi, suna da 'yan kama masu kwaikwayon malamai da zancen abinci. A Gobir kuwa ga bori, wanda Inna ke shugabanta, inda ko wane iska ke da tufafinsa da muryarsa da kiɗansa. Duk waɗannan a sarari a ke yin su, tsakiyar mutane, kamar dai kiɗan fada.

Wasan da a ke rubutawa shi ne baƙo, kuma ya shigo ne daidai shekarun da Narambaɗa ke tashe. A shekarun 1930 Dokta East na ofishin talifi a Zariya ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa don makarantu. Wajen 1938 zuwa 1939 Malam Aminu Kano, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya tsara wasanni masu sukar cutar da a ke yi a kasuwa da zaluncin masu iko, shi ne kuma daga baya ya zo ya koyar a Maru cikin Lardin Sakkwato. A shekarun 1940 Abubakar Tunau, mutumin Mafara, ya rubuta Wasan Marafa, mai koyar da tsabta da kiwon lafiya. Sa'an nan Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959, da Jatau Na Kyallu a 1960. Hanyoyin nan biyu sun yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a aji ɗaya a ƙofar fada. Na aji ya fi 'yanci, gama yana iya sukar mai mulki, abin da makaɗin fada ba ya yi wa ubangidansa. Na fada kuwa ya fi sanin jama'a nesa ba kusa ba. Da yawa daga wasannin farko na makaranta wa'azi ne aka raba wa yara baki-baki, ana ji an san inda za a ƙare tun ba a fara ba.

Malaman da suka karanta Ingilishi za su tuna Shekisfiya na ƙasar Ingila ma ba a ɗaki ya kulle kansa ba. Yana da ƙungiyarsa ta 'yan wasa, da su ya ke fita gaban jama'a, don su ya ke tsara maganarsa, kuma bayan ya mutu a 1616 abokan aikinsa biyu ne suka tattara wasanninsa aka buga a 1623. Bambancin kawai shi ne, su suna da takarda, yaran Narambaɗa kuwa sai ƙwaƙwalwa.

Waƙar da ta fi ko wace shahara cikin nasa ita ce wadda a ke kira Bakandamiya, ta Sarkin Gobir Amadu. A cikinta ya zuba iyakar abin da ya iya, ya yabi sarki, ya taɓa magabta, ya kuma tsaya ya yabi waƙar kanta da mai yinta, kamar maƙerin da ya gama takobi ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Yau in mawaƙi ko marubuci ya yi aikin da ya fi sauran ayyukansa, sai a ce wannan ita ce bakandamiyarsa, har waɗanda ba su taɓa jin muryar Narambaɗa ba suna faɗin haka.

Bai tsaya Isa kaɗai ba. Da izinin ubangidansa ya kan fita yawon kiɗa wurin sarakuna da hakimai da alƙalai na maƙwabta, irin su Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya tun 1929. A kan sallame shi da dawaki da riguna da kuɗi da hatsi, shi kuma ya raba wa yaransa nasu rabo, gama makaɗin da ya ci shi kaɗai ba ya daɗewa da 'yan amshi. Zamaninsa ba zamanin ƙarancin gwanaye ba ne. Ga Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar, ga Aliyu Ɗandawo, ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun yana tasowa, ga Sa'idu Faru a bayansu. Ko wane da ubangidansa, ko wane kuma yana sauraron abin da ɗan'uwansa ya fitar. Duk da haka in aka zo zancen zurfin magana, masana da yawa Narambaɗa su ke sa wa gaba.

Da Hausar garinsu ya yi waƙa, ba ta Kano ba. Inda Bakano zai ce suka, shi sunka zai ce, inda za a ce tafi ya ce tahi, ga kuma tsofaffin kalmomi na sarauta da na yaƙi da na dawaki waɗanda yanzu sai an tambayi dattawa. Wannan ya sa yaran birni ke jin daɗin kiɗan amma rabin maganar na wuce su. Malamin Hausa da ya zauna da ɗalibansa suka warware ɗa ɗaya na waƙarsa kalma-kalma, zai ga darasin mako guda ya fito daga ciki.

Allah ya sa na'urar ɗaukar magana ta riske shi da rai, aka ɗauki wasu daga cikin waƙoƙinsa, su ne gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato suka yi ta sawa shekara da shekaru, daga baya suka shiga kaset, yanzu kuma suna cikin wayoyin hannu. Sai dai abin da aka ɗauka murya ce da kiɗa. Faifai bai ɗauki fuskar ɗan sarkin da aka yi wa zambo ba, bai ɗauki murmushin Amadu a bayan amawali ba, bai ɗauki guɗar da ke tashi daga cikin gida ba. Waƙoƙin noman da ya fara da su kuwa, da waɗanda ya yi kafin zuwan na'ura, mafi yawansu sun bi waɗanda suka haddace su.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, sa'ad da Nijeriya ke shiga mulkin kai, yana dattijo. Ubangidansa Sarkin Gobir Amadu ya rayu bayansa har 1975, ya cika shekara 40 a kan sarauta. Daga baya malaman jami'a suka tashi tsaye wajen tattara abin da ya saura. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya sa shi cikin littafinsa na tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da littafi guda sukutum a kansa a 2009, mai ɗauke da sunansa, inda aka rubuta waƙoƙin da shi bai taɓa gani a takarda ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Amadu, ya kuma kawo wa ƙasar Isa da Sabon Birni zaman lafiya, amin.